Wayar da Na Ɓoye wa Malam

Bayan an rufe masaƙar da maigidana, Malam, ke aiki a Kakuri, ya yi shekaru yana walda a bakin titi. Da muka aurar da autarmu, gida ya yi mana faɗi, sai wata rana bayan la'asar ya kira ni ya ce yana da magana. Na zaci zancen gyaran rufi ne. Ya ce jirgin sama zai ƙera, mai kujera ɗaya, a tsakar gidanmu na Makera.

Na ce masa Allah ya taimaka, na koma kan tukunyata.

Gaskiya da farko abin bai dame ni ba. Mutumin da ke aske katako a tsakar gida ba ya zaman majalisa, ba ya dawowa da gardamar siyasa. Kusan shekara biyu yana yanka yana mannawa. Gangar jikin ta katako ce, fukafukan ma katako, ya lulluɓe su da yadi ya shafe da fenti. Ni kuwa na samu wurin shanya, don fiffiken dama yana ɗaukar zannuwa huɗu. Hankalina bai tashi ba sai ranar da aka sauke masa injin tsohuwar mota ƙirar bitil daga bayan a-kori-kura, ya ɗaura shi a hancin abin, ya kafa masa farfelar da ya sassaƙa da hannunsa. Ranar na tsaya na ƙare wa abin kallo, na ga ashe da gaske ya yi kama da jirgi. Kuma na san halin Malam. In ya tashi, zai shiga.

Akwai abin da ya kamata in faɗa game da ni. Mahaifina mai gyaran wutar mota ne, rewaya, kuma bai samu ɗa namiji ba sai da na kai shekara goma sha huɗu. Kafin nan ni ce mai riƙe masa ƙwan gwaji, ni ce mai naɗa masa waya, ni ce ake turawa ƙarƙashin sitiyari saboda hannuna ƙarami ne. Malam ya san wannan, amma ya ajiye shi cikin labaran ƙuruciya, kamar yadda ake cewa wance ta iya hawan bishiya tana yarinya. Bai taɓa tambayata komai a kan jirgin ba, sai dai ko na ga fensirinsa.

Da aka zo kan wuta, ya zaunar da ni ya yi mini darasi. Ya ce kik, wato abin da ke murza inji ya tashi, yana shan wuta mai yawa, wadda ɗan botin da ke gaban matuƙi ba zai iya ɗauka ba, narkewa zai yi. Shi ya sa ake sa solinoid a tsakani. Botin ya aika masa 'yar wuta ta siririyar waya, shi kuma ya yi ƙas, ya haɗa manyan wayoyi biyu, na batir da na kik. Ya ce kik ɗin da ya samu tsohon yayi ne, ba shi da nasa a goye, sai ya sayo daban. Ya tambaye ni ko na gane. Na ce ina dai ƙoƙari.

Ya je kasuwar Fanteka ya dawo da shi a leda, ɗan abu kamar gwangwanin tumatir mai ƙahoni. Ya ɗaure shi da noti biyu a jikin allon katakon da ya raba inji da wurin zama. Ya ja wayoyinsa tsaf, don Malam akwai tsabtar aiki. Ya shiga ya zauna, ya yi bisimilla, ya danna botin.

Shiru.

Ina zaune a gindin mangwaro ina tsintar wake, daga nan na hango matsalar. Irin wannan solinoid ɗin, wutar da ta shiga cikinsa ta jikin gwangwaninsa take fita ta koma batir. A mota ba a ko tunanin abin, domin jikin mota ƙarfe ne, duk inda ka ɗaura shi ya samu at, wato hanyar da wuta za ta bi ta koma. Shi kuwa Malam ya ɗaura shi a kan katako. Abin da ya rage masa 'yar waya ce da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, daga ƙafar gwangwanin zuwa jikin inji. Har na buɗe baki. Sai na kalli farfelar, na kalli furfurar kansa, na mayar da idona kan wake.

"Allah dai ya sa ba matacce suka sayar maka ba," na ce.

Washegari ya mayar. Mai kayan ya ɗora shi a kan batir a gabansa, abin ya yi ƙas. Ya dawo da shi gida, shiru. Ya koma ya sayo wani a wani shagon, shiru. Na uku na Beljiyam ne, an ce daga jikin tirela aka ciro shi. Na huɗu sabo ne fil a kwali. Har na biyar sai da ya sayo. Kowanne in ya gwada shi a kan teburinsa na ƙarfe sai ya amsa, in ya kai shi jirgi sai ya yi gum. Ya zare wayar botin ya sa sabuwa. Ya canja botin. Ya kai batir caji har sau biyu. Waɗanda suka ƙi aiki ya jera su a kan tagar ɗakin girki, ni kuma kullum da safe ina goge musu ƙura.

Wani maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya ce wannan ba aikin waya ba ne, hannu aka sa, a nemi addu'a. Malam ya ce shi bai yarda da wannan ba. Amma na lura daga ranar yana tofa wa allon wani abu kafin ya danna. Ban taɓa yi masa girki mai daɗi kamar na waɗannan makonnin ba. Tausayinsa nake ji, kuma ina jin daɗin barcina.

A mako na biyar ya haƙura ya kira amininsa. Dattijo ne mutumin kudancin Kaduna, ya yi aikin wuta a matatar mai har ya yi ritaya, yana zaune a Rido da matarsa. Duk muna ce masa Baba. Tun suna samari suke tare da Malam, shi ke kawo mana shinkafar Kirsimeti, mu ke kai masa naman Sallah. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne Baba ya san mahaifina. A garejinmu yake kai tsohuwar motarsa, kuma ya sha ganina da ƙwan gwaji a hannu.

Ya zo ranar Asabar da hantsi. Ya zagaya jirgin, ya yaba aikin katakon, ya sa tabarau ya leƙa bayan inji. Bai yi minti ɗaya ba ya ɗago. Maimakon ya kalli Malam, sai ya kalle ni. Na sunkuyar da kai ina zuba masa kunun gyaɗa.

"Abin yana buƙatar nazari," ya ce wa Malam. "Bari in sha kunu tukuna."

Da Malam ya fita sallar azahar, Baba ya jawo kujera kusa da ƙofar ɗakin girki.

"Hajiya, tun yaushe kika gani?"

"Na ga me, Baba?"

"Ni za ki yi wa haka? 'Yar rewaya guda?"

Na ce tun ranar farko. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Ya tambaye ni dalili. Na ce ban shirya takaba ba. Na roƙe shi ya rufa mini asiri, na ce in ya yi shiru, kowace Juma'a akwai kwanon waina da miyar taushe da zai riƙa isa Rido.

Ya ce wainar ya karɓa, kuma zai ba ni mako guda. Sai ya miƙe ya ɗauko solinoid biyu daga kan taga, ya ɗora mini a tafin hannu, fuskarsa ta canja.

"Kin san ba iri ɗaya ba ne?"

Na duba. A ido kamar tagwaye. Ya ce ɗaya an yi shi ne don ya kama na 'yan daƙiƙoƙi ya saki, yana da ƙarfin kamu da ƙarfin saki, shi ne na kik. Ɗayan an yi shi ne ya wuni a kunne, kamar na fitilun tirela, kamunsa sanyi-sanyi ne. In aka tura masa wutar kik, bakinsa na iya narkewa ya manne, ko an saki botin ba zai saki ba. Ya ce wanda ke jikin jirgin yanzu, na biyar, irin na tirelar ne.

"In kika faɗa masa, zai gano yana zaune," in ji Baba. "In ya gano da kansa, ban san inda hannunsa zai kasance ba."

Da Malam ya dawo, Baba ya ce masa ya manta mitarsa a gida, sai Asabar mai zuwa, kuma kada ya taɓa komai kafin nan. Malam ya ce to. Na san wannan to ɗin, shekara talatin ina jin sa.

Na ƙudura zan faɗa masa ranar Lahadi. Lahadi ta zo na ce sai Litinin. Matsalar ita ce ban san ta inda zan fara ba. In na ce yau na gano, ƙarya ce, in na ce tun tuni ne, ga solinoid huɗu a kan taga suna kallona.

Ranar Laraba da safe ina tuƙa tuwo, na ji shi yana ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe. Ashe dabara ya yi. Tunda ba zai iya danna botin yana kuma duba bayan inji a lokaci ɗaya ba, sai ya tokare botin da guntun katako ya bar shi a danne, ya zagayo gaba da sifana yana ƙara ɗaure notin solinoid. Sifanar ta karkace, kanta ɗaya a kan gwangwanin, gindinta ya taɓa ƙarfen da ke riƙe da inji. Wayar da na ɓoye masa makonni biyar, sifana ta zame masa ita.

Na ji ƙas, sannan gurnani. Da na leƙo, farfela na juyawa, ta fizge hularsa ta jefa kan rufi, shi kuma ya faɗi zaune a ƙasa. Sifanar ta faɗi, amma kik bai tsaya ba. Abin da Baba ya faɗa ne ya faru, ya manne. Allah ya taimaka makullin inji a kashe yake, da injin ya kama. Farfelar na ta wulwulawa, babbar wayar batir ta fara wari, Malam ya miƙe ya ruga wajen botin yana ciro katakon, abin bai ko kula shi ba.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Muciya ce a hannuna, da tuwo a jikinta. Na zagaya ta bayan fiffike na maka wa gwangwanin ita, sau ɗaya, sau biyu, yadda mahaifina ke yi da ƙotar guduma. A na uku ya saki. Farfelar ta yi rabin juyi ta tsaya. Na sa gefen zanena na murɗe kan batir na cire shi. Sai bakina ya riga hankalina.

"Wa ya ce ka sa na fitila a gurbin na kik? Kuma ka ɗaura shi a kan katako babu at, ta ina kake so wutar ta koma?"

Malam ya dube ni, ya dubi muciyar, ya dubi tuwon da ke manne a jikin solinoid. Ya juya a hankali ya dubi tagar ɗakin girki.

"Tun yaushe?"

"Malam, bari in duba kanka."

"Kaina lafiya lau. Tun yaushe?"

Na faɗa masa. Ya ɗauko tsani ya hau ya sauko da hularsa, wadda ta tsage gida biyu, ya shige ɗaki.

Kwana biyu ba ya yi mini magana sai gaisuwa. Abinci kam yana ci, har da ƙari, sai dai in na tambaye shi ko gishiri ya ji, ya ce wa bango, "Wanda ya sani ai ba ya faɗa." Na ba shi haƙuri sau uku. Na gaya masa tsoro ne ya sa ni. Ya ce shi ba ɓoyewar ce ta fi ƙona masa rai ba, a'a, darasin da ya zauna ya yi mini ne, ina gyaɗa kai ina cewa ina ƙoƙari. Da ya faɗi haka na kasa riƙe dariya, na toshe baki da mayafi. Ya harare ni, amma na ga gefen gemunsa na rawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ɗauko akwatin kayan aikinsa ya dire a gabana.

"Bisimilla, injiniya."

Na ce ina da sharaɗi. Ba zai ɗaga ƙafar jirgin nan daga ƙasa ba sai wanda ya san jirgi na gaske ya duba shi ya ce ya yi, kuma sai da izinin masu ba da izini. Ya ce ya yarda. Na ce ya maimaita a gaban Baba.

Asabar Baba ya zo da mitarsa, wadda ashe tun wancan makon tana cikin jakarsa. Muka baje solinoid huɗun a kan tabarma, na biyar ɗin ya riga ya ƙone. Ya nuna mini yadda ake bambance su da mita: na kik lambarsa ƙarama ce, na zaman dindindin tasa ta fi girma nesa ba kusa ba. Ni kuma na nuna masa yadda mahaifina ke yi ba mita. Ka ba shi wuta ka riƙe a hannu. Na kik zai buga da ƙarfi har ka ji a ƙashinka, kuma kafin ka ƙirga sittin ya fara ɗumi. Ɗayan zai kama a hankali ya zauna lafiya. Biyu suka fito na kik, biyu na zama. Muka ɗauki sabon nan na kwali, wanda Malam ya fi zagi.

Ni na ɗaura shi. Na matso da shi kusa da kik don babbar wayar ta gajarce. Na ja masa at daga ƙafarsa zuwa jikin inji, na kankare fentin wurin har ƙarfe ya fito fari. Baba ya ce a lura da yadda za a tsayar da shi, domin a cikinsa akwai ɗan ƙarfe mai nauyi da ke motsi, in aka kafa shi ta inda faɗawa rami zai tura ƙarfen ya haɗe, kik zai iya kamawa da kansa inji na gudu. Muka girgiza shi a kunne muka gane inda yake tafiya, muka juya shi. Baba ya ciro wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai ƙafa biyu ya ce a haɗa a kan ƙananan ƙahonin, yana hana tartsatsi cinye botin. Wannan ban san shi ba, na kuma faɗa. Malam ya ce alhamdu lillahi, ashe akwai abin da ban sani ba.

Ɗaya daga cikin na tirelar ma ya samu aiki. Muka sa shi a bakin batir ya zama babban makunni, yadda in wani abu ya sake mannewa, daga wurin zama za a kashe wutar jirgin gaba ɗaya, ba sai an nemo muciya ba. Na ƙara ɗan jan ƙwai a gaban matuƙi, wanda ke kamawa muddin kik na shan wuta. Duk wannan aikin Malam ne ke miƙo mini filaya. Sau biyu yana cewa, "Ba gara a bi da ita ta nan ba?" Baba yana ce masa, "Riƙe mata fitila dai."

Da la'asar muka ɗaure wutsiyar jirgin a jikin mangwaro da igiya biyu, muka tokare tayoyin da bulo. Na kwashe shanya, na kulle kaji. Malam ya shiga, ya leƙo ya tabbatar ba kowa a gaba, ya danna. Ƙas, gurnani, tari biyu, sai injin ya kama. Jan ƙwan ya mutu yadda ya kamata. Iskar ta kwashe tabarmar da muka yi aiki a kai ta manna ta a katanga, ganyen mangwaro ya cika gidan maƙwabta, mutane suka cika ƙofar gida. Malam na zaune a ciki yana dariya, hawaye na bin gemunsa, ko na iska ne ko na mene ne ban tambaya ba.

Bayan wata biyu aka kwance fukafukan aka loda a mota zuwa wani fili bayan Rido. Baba ya samo wani tsohon injiniyan jirage da suke coci ɗaya. Mutumin ya auna, ya ƙwanƙwasa, ya ce aikin hannu ya yi kyau, wutar ma ba shi da abin cewa, amma katakon ya yi wa injin nauyi, ko an bar shi ba zai tashi ba. Ya yarda a yi gudu a ƙasa kawai. Malam ya yi ta kai da kawowa a filin yana korar awaki har mai ya ƙare. A hanyar dawowa yana ta lissafin inda zai samo katako marar nauyi. Yanzu haka sababbin fukafukan na jingine a zaure, ya kai rabi.

Abin da ban zata ba shi ne yadda labarin ya bi layi. Mata suka fara aiko mini da fanka da dutsen guga. Wata amarya daga can ƙarshen layi ta zo da kanta, ta gaishe ni har ƙasa, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce mijinta ya sayi wani ƙaton babur yana tsere da shi a kan hanyar Abuja duk Lahadi. Ta ce ko zan nuna mata wayar da ake cirewa.

Na yi mata faɗa sosai. Na ce wannan ba hali ba ne, ta zauna ta yi magana da mijinta, ni ma na ga abin da ɓoye-ɓoye ya kusa jawo mini. Ta ce to, Hajiya, ta gode. Da ta kai bakin ƙofa na tambaye ta wane irin babur ne.